Ciwon Sukari a Ƙasar Jodan: Tsakanin Takardar Likita da Tiren Mansaf

Ƙasar Jodan, wadda Larabawa suke kira Urdun, ba ta cikin ƙasashen da Allah ya hore wa arzikin man fetur, ruwan sha ma da ƙyar yake isar jama'arta, amma duk da haka ta yi suna a yankin Sham da kewaye wajen ilmin ɗibbu, har marasa lafiya daga Iraƙi da Yaman da Libiya da Sudan sukan ɗaura guzuri su nufi asibitocin Amman neman waraka. To, a cikin wannan ƙasa da likita bai yi ƙaranci ba, akwai wata cuta guda wadda kullum sai ƙara yaɗo take yi a gidaje, wato ciwon sukari. Abin da ya sa labarinta ya cancanci a tsaya a kansa shi ne mutanen ƙasar sun daɗe suna ɗora ta a kan mizani suna rubuta abin da suka gani, ta yadda mai neman fahimta yana da hujjar da zai riƙe.

A shekarar 1996 aka kafa cibiyar ƙasa ta ciwon sukari da cututtukan gado a birnin Amman, ƙarƙashin shugabancin Farfesa Kamil al-Ajluni, wanda shi da abokan aikinsa suka auna jinin manyan mutane masu shekara 25 zuwa sama har sau huɗu cikin shekaru ashirin da 'yan kai. A 1994 sun sami masu ciwon kashi 13 cikin 100. A 2004 adadin ya kai kashi 17.1, a 2009 ya haura zuwa 22.2; a 2017 kuwa ya tsaya a 23.7. Idan aka ware maza daban, al'amarin ya fi tayar da hankali, domin daga kashi 14.2 suka tashi zuwa 32.4, wato kusan kowane namiji ɗaya cikin uku, alhali mata daga 12.3 suka kai 18.1. Amma kamuwa da ciwon mas'ala ce daban, riƙe shi bayan an kamu kuma mas'ala ce daban, kuma wannan ta biyun ita ce take raba wanda zai tsufa da idonsa da ƙodarsa da yatsun ƙafarsa da wanda zai rasa su ɗaya bayan ɗaya.

Kafin a shiga sabubba, wajibi ne a san ma'aunin. Awon da ake yi da ɗan digon jini daga yatsa yana faɗin halin da mutum yake ciki a wannan sa'a kawai, shi ya sa wanda ya san gobe zai ga likita yakan iya rage cin abinci tun daren yau, ya wayi gari da lissafi mai daɗin gani. Akwai kuma wani awon da likitoci suke rubutawa HbA1c, mutanen Jodan kuma suna ce masa tarakumi, wanda yake duba yawan sukarin da ya manne a jikin jajayen ƙwayoyin jini; da yake kowace ƙwaya takan rayu kimanin kwana 120, sai awon ya zama kamar littafin bashin mai kanti, wanda ba ya manta abin da aka ɗauka tun wata biyu ko uku da suka wuce. Ƙa'idar da akasarin likitoci suke bi ita ce baligi ya tsaya ƙasa da kashi 7. Ba da ka aka yanke wannan iyaka ba: wani dogon bincike da aka yi a Ingila, aka buga wani sashe nasa a shekarar 2000, ya nuna cewa duk saukar da awon ya yi da kashi 1, illolin da suke taɓa ƙananan jijiyoyin ido da ƙoda sukan ragu da kashi 37 cikin 100.

A shekarar 2008 wasu masu bincike, Ajluni yana cikinsu, suka ɗauki mutum 917 daga cikin masu nau'in ciwon na biyu, wanda galibi yake kama mutum bayan ya manyanta, waɗanda suke zuwa wannan cibiya ta Amman, suka duba tarakuminsu, suka kuma yi musu tambayoyi game da zamansu na yau da kullum. Da aka buga sakamakon a 2010, sai ga shi kashi 65.1 cikin 100 sun kai bakwai ko sun zarce. A lura fa, waɗannan mutane ne da suke ganin ƙwararru a wurin da aka gina musamman domin ciwonsu. Abubuwan da suka tsaya da ƙafafunsu bayan an tace lissafi su ne daɗewa da ciwon, inda wanda ya wuce shekara bakwai da shi yake da kusan ninki biyu na haɗarin lalacewar awo. Da rashin bin tsarin abincin da masanin abinci ya tsara, wanda ya kusan ninka haɗarin sau uku. Da mugun zaton da mutum yake yi wa ciwon nasa. Da kuma yawan shingayen da yake gani tsakaninsa da bin umarni.

Wani abu a cikin wannan bincike ya fi sauran ba ni mamaki. Mafi rinjayen mutanen sun ce suna shan maganinsu yadda aka umarce su, amma kusan huɗu cikin biyar ba sa bin tsarin abinci, kimanin biyu cikin uku kuma ba sa motsa jiki. Mutumin da yake haɗiye ƙwayarsa safe da yamma ba tare da fashi ba, ba za a kira shi gafalalle ko mai taurin kai ba. Ya yi ɗa'a a inda ɗa'ar take hannunsa shi kaɗai, domin shan ƙwaya aiki ne na minti ɗaya da ba ya bukatar izinin kowa. Abinci kuwa a Jodan, kamar a yawancin ƙasashen Larabawa, al'amari ne na jama'a, kuma a nan ne takardar likita take haɗuwa da abin da ya fi ƙarfinta.

A ɗauki mansaf, abincin da ƙasar take alfahari da shi, wanda hukumar UNESCO ta shigar cikin jerin al'adun duniya da ake kiyayewa a 2022. Akan shimfiɗa wata gurasa mai faɗi da rashin kauri, mai suna sharak, a ƙasan babban tire, a tula shinkafar da aka dafa da man shanu a kanta, a jera naman rago wanda ya nuna a cikin romon jamid, wato busasshen nonon tumaki ko awaki da akan dunƙule a shanya har ya yi tauri, wanda na garin Karak ya fi shahara, sa'an nan a barbaɗa soyayyen lauzu a sama. Maza sukan tsaya a kewaye da tiren, hannun hagu a baya, kowa yana murza loma da hannun dama yana jefawa a baki, mai gida kuwa yana zagayawa da kwanon romo, duk inda ya ga shinkafa ta fara bushewa sai ya kwarara, duk inda ya ga tsoka mai kyau sai ya yago ya tura gaban babban baƙo. Yanzu a ƙaddara dattijo mai ciwon sukari a wannan da'ira, wanda aka ce masa kada shinkafarsa ta wuce cikin ƙaramin kofi. Babu faranti nasa na kansa da zai auna, babu iyaka tsakanin rabonsa da na maƙwabcinsa, kuma da zarar ya janye hannu sai mai gida ya ce, "Haba ya Haji, wallahi ba ka ci komai ba," alhali ya san idan babban baƙo ya tsaya, na ƙasa da shi za su ji nauyin ci gaba. Mansaf kuwa ba a raba shi da ɗaurin aure, da zaman makoki, da sulhu tsakanin dangi, da dawowar alhazai, don haka mutum mai jama'a yana iya tsayuwa a gaban irin wannan tire sau da yawa a wata. Shinkafa da gurasa sukan ɗaga sukarin jini, maiƙon kuma yakan jinkirta narkewar abinci, sai sukarin ya hau ya daɗe bai sauko ba.

Abin lura shi ne al'adar nan tana da hanyar cewa "ya isa" a wani wurin. Gahawar Larabawa, mai ɗaci da ƙamshin hel, wadda ba a sa mata sukari, akan zuba ta kaɗan kaɗan a ɗan finjali, kuma idan baƙo ya ƙoshi sai ya girgiza finjalin a hannunsa, mai zubawa ya wuce, ba wanda ya ji an wulakanta shi. Tiren mansaf ba shi da irin wannan alama da kowa ya yarda da ita, haka ma kofin shayi, wanda akan dafa da sukarinsa a cikin buta tare da na'a-na'a ko ganyen maramiyya, a miƙa wa duk wanda ya shigo kanti ko ofis ko gida. Haka ma kunafa, wadda Falasɗinawan Nabulus suka zo da ita ta zama ta kowa, cuku mai zafi a ƙarƙashin soyayyen ƙulli, an jiƙe shi da ruwan sukari. Ranar da aka fitar da sakamakon jarrabawar Taujihi, wadda take buɗe ƙofar jami'a, tire tire ake rabonta a unguwanni, kuma ƙin karɓa kamar ƙin taya maƙwabci murna ne. Fuƙaha'un mazhabar Shafi'iyya, wadda ita ce ta fi yawan mabiya a ƙasar, sun wajabta amsa gayyatar walimar aure, amma a zance mafi inganci a wurinsu ba su wajabta ci ba. Shari'a ta bar ƙofa a buɗe, kunya ce ta rufe ta.

Kada kuma a ɗora wa bukukuwa laifin duka. Kakannin waɗannan mutane sun rayu ne a kan alkama da sha'ir da adas da burgul da nono, shinkafa kuwa, wadda ƙasar ba ta nomawa, sai a ƙarni na ashirin ta zama ruwan dare har ta mamaye tiren mansaf kansa. Farar gurasa ita ce abincin talaka safe da rana da dare, gwamnati ta shekara da shekaru tana tallafa wa farashinta, kuma da aka ƙara kuɗinta a watan Agusta na 1996, shekarar da aka kafa cibiyar ciwon sukari, sai da tarzoma ta ɓarke a Karak. A farkon 2018 ne aka janye tallafin aka maye gurbinsa da kuɗi a hannu. Magidancin da albashinsa yake ƙarewa kafin wata ya ƙare ya san abin da ya fi arha wajen cika cikin yara shida, kuma ba kifi da ganye ba ne. A ganina babban aibin takardar masanin abinci shi ne an rubuta ta da sunan mutum ɗaya, alhali tukunyar ta gida ce. Idan mai ciwon namiji ne, wadda take dafawa ba ta cikin ɗakin lokacin da aka yi bayani. Idan mace ce, da wuya ta sauya girkin gida gaba ɗaya saboda kanta, kuma ɗora tukunya biyu yana cin kuɗi da lokaci. Wani binciken da aka yi a wannan cibiya, aka buga a 2012, ya ƙarfafa wannan: waɗanda suka amince a ransu cewa za su iya sarrafa abincinsu su ne awonsu ya fi kyau. Irin wannan amincewa kuwa ba ta tsira a gidan da kowa yake ja ta wani gefe.

Batun motsa jiki gajere ne. Fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanen Jodan a birane suke zaune, Amman kuma birni ne da aka kafa a kan tuddai, mai hawa da gangara, inda gefen titi yakan cika da motoci da itatuwa da matakala, har mai tafiya a ƙasa ya gwammace ya shiga mota; ga mace mai shekaru kuma akwai ƙarin nauyin idon jama'a. Taba ta fi wannan muni. Binciken da Ma'aikatar Lafiya ta yi tare da Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ya gano cewa kimanin kashi 66 cikin 100 na maza suna shan sigari ko shisha, wadda suke kira argila, adadin da yake cikin mafi yawa a duniya, ga shi kuwa hayaƙin taba yana rage tasirin insulin a jiki, yana kuma taya sukari ɓata jijiyoyin jini.

Daɗewa da ciwo ita ce sababin da ba a iya roƙonsa ya dakata. Akwai wata gaɓa a bayan tumbi, likitoci suna kiranta fankiriyas, ita take samar da insulin, sinadarin da yake buɗe wa sukari hanyar shiga tsoka. A nau'in ciwon na biyu ƙarfinta yakan riƙa raguwa shekara bayan shekara, har binciken Ingila da aka ambata ya ƙiyasta cewa kusan rabinsa ya riga ya tafi tun ranar da aka gano ciwon. Saboda haka ƙwayar metfomin da ta wadatar a shekarar farko ba lalle ta wadatar a ta takwas ba, ko da mutum bai sauya komai ba, kuma dole a ƙara wata a kanta, daga bisani a kai ga allura. A nan ne wani kuskuren fahimta yake shigowa. Binciken Jodan fiye da ɗaya ya sami cewa masu yin allurar insulin su ne awonsu ya fi lalacewa, kuma mai karatu da gaggawa zai ce ashe allurar ce matsala. Gaskiyar ita ce ba a kai mutum ga allura sai ciwonsa ya riga ya yi nisa, sau da yawa ma bayan an ɓata shekaru ana jan ƙafa, mara lafiya yana tsoron cewa allura alamar ƙarshe ce, likita kuma, da layin mutane a bakin ƙofarsa, ba shi da sararin zama ya kore masa tsoron. Wanda ya ga an yanke wa kawunsa ƙafa wata uku bayan fara allura zai ɗora wa allurar laifi, ba zai tuna shekaru goman da suka gabace ta ba.

A cikin wannan jinkiri ne kantin mai sayar da itatuwan magani yake samun ciniki. Hulba da turmus da girfa da ganyen zaitun da wani tsiro mai ɗaci da ake kira ja'ada duk suna da masu yabonsu, kuma al'adar tana da asali mai tsawo, domin Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya siffanta wannan ciwo a littafinsa na Al-Ƙanun, ya ambaci zaƙin fitsarin mai shi da ruɓewar gaɓɓai, ya kuma haɗa masa magani da hulba da turmus a ciki. Babu laifi ga wanda ya sha ruwan hulba tare da maganinsa ya kuma gaya wa likitansa. Laifin yana ga wanda ya ajiye wancan ya riƙe wannan, musamman da yake an tabbatar ja'ada tana iya yi wa hanta lahani.

Game da mugun zato ga ciwo, wasu marubuta sukan yi saurin jingina shi ga imani da ƙaddara, ni kuwa ban gamsu da wannan ba, domin tawakkali a wurin malamai bai taɓa nufin barin sababi ba, kuma mutanen da suke shan ƙwaya kullum ai sun riƙi sababi. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne gajiya. Wani bincike da aka buga a 2011 kan masu ciwon sukari 649 a Jodan ya sami kusan ɗaya cikin biyar da alamun ciwon damuwa, mata sun fi yawa a ciki, kuma wanda zuciyarsa ta karaya ba ya tashi yawo da asuba, ba ya kuma ƙirga lomarsa.

Sai watan Ramadan, wanda yake juya tsarin ci da barci da shan magani gaba ɗaya. A 2001 an yi wani babban bincike a ƙasashe 13 masu ɗimbin Musulmi, Jodan tana cikinsu, kan mutum fiye da 12,000, aka ga kashi 79 cikin 100 na masu nau'i na biyu da kashi 43 na masu nau'i na farko, wanda galibi yake kama mutum tun yana yaro, sun azumci aƙalla kwana 15, kuma mummunar faɗuwar sukari, irin wadda take kai mutum asibiti, ta ninka fiye da sau bakwai a cikin masu nau'i na biyu. Da rana haɗarin faɗuwa, bayan magariba kuma haɗarin hawa, lokacin da wainar ƙaɗa'if mai cike da gyaɗar Sham ko cuku, da ruwan tsamiya da na busasshen mishmish, suke jiran mai buɗa baki. Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya yi wa mara lafiya rangwame, kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Sharja a 2009, ta kasa masu ciwon sukari gida gida bisa girman haɗarinsu, ta ce waɗanda suke cikin haɗari mai tsanani kada su yi azumi. Jumhurun malaman wannan zamani sun tafi a kan cewa allurar insulin da huda yatsa domin awo ba sa karya azumi, likitoci kuma sun yi ittifaƙi cewa wanda awonsa ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 ya sha ruwa nan take, ko da saura kaɗan rana ta faɗi. Wuyar ita ce dattijon da bai taɓa shan azumi ba tun balagarsa yakan ji karɓar rangwamen kamar gazawa ce, kuma galibi maganar limamin unguwa ta fi ta likita saurin shiga kunnensa.

Saura aljihu da takardar shaida. Kula da lafiya a Jodan a rarrabe take tsakanin asibitocin Ma'aikatar Lafiya, da na soja, da na jami'o'i a Amman da Irbid, da na 'yan kasuwa, da kuma na hukumar UNRWA mai kula da Falasɗinawa 'yan gudun hijira, waɗanda fiye da miliyan biyu suke da rajista a ƙasar. Inda mutum ya faɗo a wannan rabo shi yake yanke irin maganin da zai samu, da tsawon jiransa, da ko zai iya sayen 'yan tsinken awo na gida, waɗanda akan yi amfani da kowanne sau ɗaya a yar. Da yaƙin Siriya ya koro dubban ɗaruruwan mutane, aka buɗe sansanin Za'atari a 2012, mafi yawansu ba a sansani suka zauna ba, cikin garuruwa suka bazu, kuma a ƙarshen 2014 gwamnati ta daina yi musu magani kyauta saboda nauyin ya yi mata yawa. A daidai wannan lokaci ƙungiyar likitocin MSF ta buɗe asibitin masu sukari da hawan jini a Irbid domin su da talakawan Jodan. Insulin yana son sanyi tsakanin digiri 2 da 8 kafin a buɗe kwalbarsa, wanda kuwa yake zaune a ɗakin kwano cikin hamadar Mafraƙ, inda sansanin Za'atari yake, da wutar lantarki ta 'yan sa'o'i, yana da wata damuwar da takardar abinci ba ta ambata ba.

UNRWA ta gwada wata dabara a asibitinta na unguwar Nuzha a Amman, aka buga bayaninta a 2012. Ta aro tsarin da aka daɗe ana bi wajen sa ido kan masu tarin fuka, inda akan rubuta kowane mara lafiya a rajista ɗaya, a ƙarshen kowane wata uku a zauna a ƙirga: nawa ne suka zo, nawa aka auna, nawa awonsu ya yi kyau, nawa suka sami illa a ido ko ƙafa, nawa kuma ba a gan su ba sam. Da aka mayar da wannan rajista cikin kwamfuta, ma'aikatan asibitin suka sami ikon fitar da sunayen waɗanda suka yi fashin wata uku, su neme su tun kafin ciwon ya dawo da su a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, kuma daga baya aka faɗaɗa tsarin zuwa wasu asibitocin hukumar a ƙasar.